Ɓarɓashin Ƙarfe da Dabarar Dunƙule Shi a Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi

Daga cikin abubuwan da ɗan Adam ke sarrafawa da hannunsa, da wuya a sami wanda aka ɗaukaka ambatonsa kamar ƙarfe, tun da ga sura guda sukutum a cikin Alƙur'ani mai girma wadda aka sa wa sunansa, ga labarin Annabi Dawuda, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wanda aka tausasa masa shi har ya riƙa ƙera sulke, ga kuma Zulƙarnaini da ya tara guntayensa ya kwarara musu narkakken gaci ya toshe tsakanin duwatsu biyu. Amma duk da wannan daraja akwai wani jinsin ƙarfe wanda mai shi kan share da tsintsiya ya tura bayan shago, wanda ɗan jari-bola kan ɗaga ya jinjina ya yamutsa fuska, wanda direban babbar mota ba ya son a ɗora masa, watau ɓarɓashin da ke zubowa daga bakin injin fira, da na huda, da na wasa ƙarfe. Shi ne abin da za mu tsaya a kansa, musamman yadda al'amarinsa yake a garuruwan arewacin Zamfara, Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, inda nisan hanya da tsadarta suka sa lissafinsa ya bambanta da na Kano ko Ikko.

Wanda ya taɓa tsayawa a shagon mai injin fira ya san yadda abin yake. Akan ɗaure guntun ƙarfe a bakin injin, ya kama juyawa da sauri, sa'an nan gwanin ya matso da wata 'yar wuƙa mai tsananin tauri ya jingina masa a hankali, sai ka ga fatar ƙarfen tana saluɓowa, tana nannaɗewa, tana tsawo har ta kai kamu biyu ko uku kafin ta katse ta faɗi ƙasa. In an ci da zurfi kuwa, zafi kan sa ta rine ta koma shuɗiya, kuma gefenta yana da kaifin da zai tsaga yatsan yaron shago tun bai ankara ba. Wannan halin baƙin ƙarfe ke nan mai danƙo. Ƙarfen zubi, irin na bulok ɗin mota da gangar birki, ba ya yin zare ko kaɗan, gari yake zubarwa, baƙi-baƙi mai toka, wanda ke ɓata hannu da riga. Tagulla takan fito gajeru-gajeru masu tsini, tana tsalle tana shiga gashi da aljihu, alminiyam kuma fari ne mai laushi, mara nauyi, mai son manne wa wuƙa. Ayyukan da ke kawo wannan ɓarɓashi a garuruwan nan sanannu ne: sandar injin niƙa da ta cinye, injin ban-ruwa na masu noman rani a fadamun Gagare da Bunsuru, ƙafar babur, gangar birkin motocin da ke zirga-zirga tsakanin Gusau da Shinkafi, da noti da bushi waɗanda in an rasa su a kasuwa dole a fere sababbi. Kowane aiki kaɗan yake zubarwa, amma shagon da ba ya rasa aiki, kafin wata ya kama wani, sai ka tarar da tsibi a lungu.

Ƙasar Hausa ba baƙuwar ƙarfe ba ce, kuma ba baƙuwar tattalinsa ba ce. Kafin zuwan Turawa, mutane ke haƙo tama, su gina murhu na yumɓu, su kwana suna zuga, kana su fasa su fitar da dunƙulen da za a kai wa maƙeran baƙi su yi garma da hauya da lauje da gatari. Kuma saboda wahalar da ake sha kafin a sami ƙarfen, tsohuwar fartanya ba ta zama shara, sai dai ta koma wuƙa, wuƙa ta koma basilla. Abin da ya kashe wannan sana'a ta narka tama shi ne shigowar ƙarfen waje mai araha, da tarkacen jirgin ƙasa da na mota. Wani masani Bature, Philip Jaggar, wanda ya zauna da maƙeran birnin Kano ya rubuta littafi a kansu da aka buga a 1994, ya nuna yadda suka koma dogara ga irin wannan tarkace. A nan yankin kuwa, titin jirgin da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya iso Ƙaura Namoda a 1929, nan ya tsaya, garin da ya samo sunansa daga Namoda, jarumin Alibawa na zamanin jihadin Shehu Usmanu, ya zama matattarar gyaɗa da auduga da fatu na ƙasar Zurmi da Moriki da Shinkafi har zuwa Isa. Yana da kyau a lura da cewa tun a wancan zamani 'yan kasuwa sun san ilimin da muke magana a kansa, domin audugar da aka gurza a injinan gurza na Gusau da Funtuwa ba a zuba ta a tarago sako-sako, sai an danne ta da inji an ɗaure ta da ƙarfe ta zama dila mai nauyi, saboda tarago wuri yake sayarwa, wanda ya cika shi da iska kuwa ya biya kuɗin dakon iska. Yau jirgin ya daɗe da daina zama abin dogaro a wannan reshe, kaya sun koma kan titin mota, amma hukuncin bai canja ba.

Tsohon ƙarfe yana da silsila, kamar yadda kowace haja take da ita. Yara masu buhu da maganaɗisu ɗaure a sanda su ne na farko, sai masu kura da ke bi unguwa-unguwa suna saye ko suna musaya da roba, sai mai sikeli da ke zaune a filinsa yana awo yana rarrabawa, sai dilan da ke cika mota ya nufi Gusau ko Kano, daga can kuma galibin baƙin ƙarfen yakan gangara kudu, wajen Ikorodu da Ogijo, inda masana'antu ke narka shi da wutar lantarki su mayar da shi rodin gini. Dalilin da ya sa tarkace ya zama uwa da uba ga rodin Nijeriya kuwa kowa ya san shi: masana'antar ƙarfe ta Ajakuta, wadda aka ba Rashawa kwangilarta a 1979, har yau ba ta narka tama yadda aka tsara ba, ta Aladja, wadda aka buɗe a 1982 don ta riƙa ciyar da injinan murza ƙarfe na Katsina da Jos da Oshogbo, ta yi ta faɗi-tashi, sai aka wayi gari ma'adinin da ƙasar ta fi dogara da shi yana cikin juji da bayan gareji. Don haka ne ma gwamnati ta sa tsohon ƙarfe cikin jerin kayan da aka haramta fitarwa waje.

To, a cikin wannan silsila ɓarɓashi shi ne maraya. In yaron shago ya jawo buhunsa ya kawo wa mai sikeli, abin da zai ji bai wuce, "Kai samari, wanga ai iska ce ka kawo min," sa'an nan a yi masa tayin da bai kai na guntun ƙarfe ba ko kusa. In ya ce albarka, a ce ya mayar. Mai sikeli bai yi ƙarya ba. A ƙaddara akwati mai tsawon mita guda, faɗin mita guda, zurfin mita guda: in ƙarfe ne curi guda ya cika shi, nauyinsa kimanin kilo 7,850 ne, amma in zaren fira aka zuba sako-sako, sau da yawa ba ya kai kilo 500, watau fiye da kashi tara cikin goma na akwatin babu kome a ciki sai sarari. Motar da za ta iya ɗaukar tan 30 sai ta cika maƙil tun ba ta ɗauki rabin haka ba, alhali kuwa man da za ta sha, da ladan direba, da abin da za a bari a shingayen hanya, duk ba su san an rage nauyi ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023 kowane irin dako ya ƙara tsada, kuma tsakanin Ƙaura da masana'antun kudu akwai tafiya ta kusan kilomita 1,000. Wanda ke Ikko yana iya haƙuri da kaya mara nauyi, domin murhun na bayan gidansa. Mutumin Shinkafi ba shi da wannan sarari.

Rashin nauyin nan shi ne aibi na farko, aibi na biyu kuwa shi ne jiƙa. Wuƙar fira tana bukatar abin da zai sanyaya ta, wasu su yi amfani da ruwan da aka gauraya da wani mai har ya yi fari, wasu su ɗiga baƙin mai da aka juye daga mota, kuma duk wannan a jikin ɓarɓashin yake maƙalewa, har a manyan masana'antu an san yakan kai kashi ɗaya cikin biyar na nauyin kayan, ko ma fiye. Mai saye ya san da haka, saboda haka yakan zabge wani abu daga awo tun kafin a yi ciniki, kuma galibi abin da yake zabgewa ya fi abin da ke ciki, don gudun kada shi ya kwana a ciki. Aibi na uku, wanda ya fi sauran ɓoyuwa, sai a bakin wuta yake bayyana. Ƙarfe in ya yi siriri, fatarsa da iska ke taɓawa takan yi yawa ƙwarai bisa ga nauyinsa, da zarar ya ji zafi kuwa sai iskar ta ci shi tun bai narke ba. Masu zubin tukwane sun fi kowa sanin wannan: alminiyam yana narkewa a daraja 660 ta ma'aunin zafi, amma ɓawon da ke samuwa a bayansa in ya haɗu da iska ba ya narkewa sai an wuce daraja 2,000, abin da gawayi da zuga-zugi ba za su kai ba, don haka in an watsa ɓarɓashi a kan narkakken ruwa, sai ya yi ta yawo a sama, ya ƙone, ya koma toka-toka da za a kwashe da ludayi a zubar. Mai tukwane da ya sayi kilo goma na fistin da murfin inji ya san abin da zai samu, wanda ya sayi kilo goma na ɓarɓashi kuwa sai abin da Allah ya yi.

Maganin waɗannan aibobi uku guda ne, shi ne matsi. A Turai da Amurka da Sin da Indiya akwai injinan da ba su da wani aiki sai wannan, kuma asalin hikimarsu tsohuwa ce. Wani masanin lissafi na Faransa, Blaise Pascal, ya bayyana tun a ƙarni na 17 cewa ruwan da aka kulle a cikin mazubi, in an danna shi ta wuri guda, dannin yakan isa ko'ina daidai wa daida. A 1795 kuma wani maƙerin Ingila, Joseph Bramah, ya yi rajistar injin matsi da ke aiki da wannan ƙa'ida, ta yadda ƙaramin famfo da hannu ɗaya ke motsawa zai tura babban fistin da ƙarfin da ya fi na mutum ɗari. Injin dunƙule ɓarɓashi jikan wannan ne. Akan zuba kayan ta wani mazurari, in zare ne dogo a fara datsa shi, wata dunƙulalliyar sanda mai murɗi ta tura shi cikin wani rami na ƙarfe mai kauri, sa'an nan fistin ya sauko masa da nauyin tan 2 zuwa 4, wani lokaci fiye, a kan kowane murabba'in santimita guda. A ƙarƙashin wannan nauyi sai ɓarɓashin ya lanƙwashe, ya sarƙe juna, ya cike guraben da ke tsakaninsa, ba tare da an sa masa wani danƙo ko an hura masa wuta ba. Man da ke jikinsa ya tsiyaye ta ƙasa a tare shi a mazubi, abin da ya rage ya fito curi mai santsi da za ka ɗauka da hannu ɗaya ka jefar bai warwatse ba. Duk macen da ta taɓa matse tunkuza ta ga mai yana bin yatsunta, abin da ya saura kuma ya dunƙule ya zama na ƙuli-ƙuli, ta riga ta fahimci aikin injin nan gaba ɗayansa. Curin baƙin ƙarfe da aka yi haka yakan kai kilo 5,000 a akwatin nan da muka ƙaddara, jiƙarsa ta ragu zuwa kashi biyu ko uku cikin ɗari, in an jefa shi a murhu kuma ya nutse ƙasa ya narke a inda iska ba ta kai masa.

Sai dai irin wannan inji an yi shi ne don masana'antar da ke zubar da tan-tan a kowane mako, yana son wutar lantarki mai ƙarfi wadda ba ta yankewa, kuɗinsa kuma na waje ne. Wanda duk ya ce a sayo shi a kafa a Zurmi, ko dai bai san yawan ɓarɓashin Zurmi ba, ko kuwa yana da wata bukata a cikin kwangilar. Abin da ya dace da garuruwan nan yana nan a ƙarƙashin kujerar kowace babbar mota, watau jak, wanda shi ma da ƙa'idar Pascal yake aiki. Mai walda da ya iya aikinsa zai haɗa firam mai ƙarfi da ƙarfen gini mai kauri, ya samo guntun bututu mai kaurin bango, mai fira ya fere masa sanda daidai bakin bututun, a ajiye faranti mai ƙananan huji a ƙasa don mai ya sami hanya. Abin lura a nan lissafi ne, kuma a kansa ne galibi ake yin tuntuɓe. Jak mai ɗaukar tan 20, in bakin bututun santimita 5 ne, filin da yake dannawa kimanin murabba'in santimita 20 ne, watau kowane ɗaya ya sami tan guda. In aka yi kwaɗayin babban curi aka faɗaɗa bakin zuwa santimita 10, filin ya ninka sau huɗu, kowane murabba'i ya koma rubu'in tan, abin da zai fito kuwa da ka taɓa shi sai ya wargaje. Ƙaramin baki shi ne sirrin, amma ƙaramin baki ƙaramin curi yake bayarwa: na alminiyam mai tsawon santimita 4 bai fi giram 160 ba, ke nan kafin a haɗa kilo 100 sai an ɗaga jak an sauke fiye da sau 600.

Wannan lissafi shi ke raba gardama. A ganina matsi da jak yana biyan wahalarsa a kan ƙarafa masu tsada kaɗai, jan ƙarfe da tagulla da alminiyam, waɗanda kilo ɗayansu ya ninka na baƙin ƙarfe sau da yawa, suna kuma da laushin da tan guda zai iya sarƙe su, masu sayensu kuwa, maƙeran fari da masu zubin tukwane, suna nan kusa ba sai an je kudu ba. Baƙin ƙarfe yana da taurin kai, in an sake shi yakan ɗan buɗe ya koma, garin ƙarfen zubi kuma, da yake ba shi da zaren da zai kama ɗan'uwansa, shi ya fi kowanne bukatar nauyi. Ga waɗannan, dabarar da ta fi sauƙi ita ce a bar su su tsane a kan kwano mai gangara, a datsa zaren, a ɗura a tsofaffin gwangwanaye ko guntayen bututu da ma za su tafi murhu, a kirɓa da guduma har su ƙi karɓa, a doke bakin a rufe. Ba zai kai na inji ba, amma ya fi buhu nesa ba kusa ba. Kuma tun da shago guda ba ya tara abin da zai sa a kafa ko da jak ɗin ne dominsa, wurin da ya kamata a kafa shi filin mai sikeli ne a Ƙaura, inda hanyar Shinkafi da ta Zurmi suke haɗuwa kafin a miƙe Gusau, a riƙa tattaro na sauran garuruwan ana kawowa, musamman a motocin da ke dawowa daga kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, tana da ɗaliban aikin injiniya waɗanda dole kowannensu ya ƙera wani abu kafin ya karɓi takardarsa; da za a sami malamin da zai ɗora wasunsu a kan wannan, su auna nauyin da kowane ƙarfe ke bukata, su fitar da zanen da mai walda na bakin tasha zai iya bi, da ya fi injinan da ake ƙerawa don maki a jingine su a bayan aji tsatsa ta cinye.

Duk da haka matsi shi ne rabin aikin da ya fi sauƙi. Abin da aka dunƙule ba ya rabuwa kuma, saboda haka in an gauraya tun a ƙasan injin fira, an gama ɓata shi. Tagullar da garin baƙin ƙarfe ya shiga ta faɗi daga darajarta, alminiyam da ya sha ƙarfe yakan ba da tukunya mai gautsi, jan ƙarfe kuma in ya yi yawa a cikin abin da za a yi rodi da shi yakan sa rodin ya tsattsage wajen murzawa, kuma wuta ba ta iya fitar da shi. Ladabin aikin shi ne kowane ƙarfe da mazubinsa, a share injin kafin a ɗora wani jinsi, a bi abin da aka tara da maganaɗisu, ko da na tsohuwar lasifika ne, a kuma tuna cewa akwai farin ƙarfe mara tsatsa da maganaɗisu ba ya kamawa, sai ido da gwaninta. Wannan ba ya cin ko kwabo, sai dai yana cin haƙurin maigida wajen horon yaransa, abin da ya fi jak wuyar samu.

Akwai kuma wani dalili da ya fi riba nauyi, wanda bai kamata a gaya wa Bazamfare shi sau biyu ba. Tagullar da ake yi don fira galibi akan sa mata dalma, kashi biyu zuwa uku cikin ɗari, don ta riƙa karyewa gajeru a bakin wuƙa. Akwai dalma a cikin wasu bushi da abin like radiyeto, har da wani nau'in alminiyam. In irin wannan ya shiga kaskon mai zubin tukwane, ya shiga tuwon gida ke nan. A 2014 wasu masana sun auna tukwanen da ake zubawa da tarkacen alminiyam a Kamaru, suka tarar dalma na fita daga jikinsu in an dafa abu mai tsami. Jihar nan kuwa ta ga abin da dalma ke yi a 2010, lokacin da yara kimanin 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, har sai da ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta shigo. Gaskiya ne waccan musiba daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta taso, ba daga tukunya ba, amma gubar ɗaya ce, kuma ƙananan yara ta fi kamawa. Curin da za a kai wa mai tukwane, wajibi ne ya zama an san abin da aka fere aka same shi. Wanda aka yi shakkarsa a tura shi wajen masu zubin abin da ba a ci a ciki.

Haɗarin wuta ma yana nan. Tsibin ɓarɓashin baƙin ƙarfe mai mai da damshi yakan yi tsatsa da sauri, tsatsa kuma zafi take haifarwa, har dokokin jiragen ruwa na duniya sun lissafa shi cikin kayan da ke iya ɗaukar zafi su kama wuta da kansu. Ƙurar alminiyam mai laushi, irin ta wasa da gogewa, ta fi wannan sharri: a watan Agusta na 2014 irinta ta fashe a wata masana'antar goge ƙafafun mota a Kunshan ta ƙasar Sin, mutum 146 suka halaka. Curin da aka bari ruwan sama ya jiƙa kuwa, in aka jefa shi cikin narkakken ƙarfe, ruwan da ke cikinsa yakan zama tururi nan take, ya kumbura kamar sau 1,700, ya watso wutar a fuskar mai zubi. Don haka masu hankali ke jera shi a gefen murhu ya gasu tukuna. Man da aka tatsa kuma a tace shi a mayar wa injin, kada a tuttular a ƙasa kusa da rijiya.

Mun zo ga mas'alar da malamai za su fi mu iya warwarewa. Ɓarɓashi a buhu, kome muninsa, a fili yake, mai saye yana iya tura hannu ya ga ƙasa ko tsakuwa. Curi kuwa rufaffe ne, bayansa na sheƙi, cikinsa sai wanda ya matsa shi. Ba abin da ya fi sauƙi kamar a zuba yashi ko garin baƙin ƙarfe a tsakiya a lulluɓe da tagulla. Hadisi ya zo a cikin Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya wuce wani mai sayar da tsibin abinci, ya sa hannunsa mai albarka a ciki ya ji damshi a ƙasa alhali saman busasshe ne, ya kuwa yi masa gargaɗi mai tsanani a kan algus. Fuƙaha'unmu na Malikiyya sun halatta sayar da kaya tsibi guda ba awo, amma da sharuɗɗa, daga ciki har da cewa mai saye ya ga kayan, kuma kada ɗayansu ya san adadin ya ɓoye wa ɗayan. In an yi wannan taka-tsantsan a kan tsibin da ido ke gani, ina ga abin da aka rufe da nauyin tan 20? Sa'an nan ga tambayar mallaka: wanda ya kawo sandar tagullarsa aka fere masa bushi, ɓarɓashin nasa ne ko na mai shago? Al'ada ta gudana a kan barin shi ga shago, a wurare da yawa ma maigida kan bar wa yaransa su sayar su sami na sabulu, al'ada kuwa abin lura ce a shari'a muddin ba ta saɓa wa nassi ba. Amma in ƙarfen mai tsada ne kuma abin da aka fere da yawa, faɗa wa mai shi ya fi kusa da tsentseni. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa kula da masu sana'a, har da maƙera, cikin wajiban shugaba, kuma tsaron ma'auni a kasuwa tun da can aikin hukuma ne da sarakunan sana'a.

Amana tana da wani nauyi na dabam a wannan sana'a, domin sunanta ya riga ya ɓaci. Ana kama mutane da ƙarfen titin jirgi da wayar lantarki da murfin kwalbati. Gwamnatin Borno ta hana yawon jari-bola a watan Yuli na 2023, hukumar Abuja ta yi irin haka a farkon 2025 har ta rufe kasuwannin panteka na ɗan lokaci. A Zamfara kuma, inda a 2021 aka rufe kasuwannin mako-mako aka katse layukan waya saboda 'yan bindiga, inda direba ke fita hanyar Zurmi zuwa Jibiya ko ta Moriki zuwa Shinkafi da addu'a a bakinsa, duk motar da ta ɗauko rufaffen kaya abin tuhuma ce a kowane shinge. Ɓarɓashin fira yana daga cikin tarkacen da asalinsa ya fi tsarki, tun da kowa ya san ƙarƙashin injin da ya fito; amma jak ɗin da ya dunƙule shi zai iya dunƙule wayar sata da aka daddatsa, ta fito ba mai gane ta. Saboda haka ya kamata mai matsi ya zama sananne ga ƙungiyar masu sana'ar da Sarkin Maƙera, yana da littafin da yake rubuta shagon da kowane buhu ya fito, yana kuma da hatimi, ko da harafi biyu ne aka tono a kan sandar da ke dannawa, yadda kowane curi zai fito da sunan mai shi a goshinsa.

Mai saye ma yana da hanyoyin gwaji da ba su bukatar ɗakin bincike. Zai ɗebi curi uku ko huɗu daga wurare dabam-dabam na buhun, ba daga sama kaɗai ba, ya sa kurfi da guduma ya raba su biyu ya duba cikin, ya bi su da maganaɗisu, ya ɗora guda a kan garwashi ya ga yawan hayaƙin da zai tashi, wanda shi ke nuna man da ya saura. Tun da kuma bututu guda ne ke fitar da su, faɗinsu ɗaya ne, sai ya jera goma masu tsawo daidai ya ɗora a sikeli: in na tagulla ne nauyinsu zai ninka na alminiyam kamar sau uku, goman da suka gaza haka da yawa kuwa a fasa su duka a gaban mai kayan kafin a yi maganar kuɗi.